Yadda Ake Sayen Fili da Gina Gida da Bashin Jingina a Kaduna

Da yawa daga cikin masu zuwa banki neman bashin gida a Kaduna suna shiga ne da tunanin za a ba su kuɗi su sayi fuloti a Rigachikun ko Ɗanbushiya, sannan a ƙara musu na gini. Ba haka abin yake tafiya ba. Bankin jingina ba ya kallon ƙasa, takarda yake kallo, kuma a mafi yawan lokuta ba ya ba da rance don sayen filin da babu komai a kansa. Abin da yake bayarwa shi ne kuɗin sayen ginannen gida, ko kuɗin yin gini a kan filin da mutum ya riga ya mallaka, mai cikakkiyar takarda da izinin gini. Saboda haka wanda yake son ya bi wannan hanya sai ya jera al'amuransa yadda banki zai karɓa: fili da kuɗin aljihunsa, takarda daga gwamnati, zanen gini mai hatimi, sannan rance. Wanda ya fara daga ƙarshe yakan yi shekara yana zarya, a ƙarshe a ce masa fayil ɗinsa bai cika ba.

Kuɗin filin kansa yawanci daga tanadi yake fitowa, ko adashi, ko ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, wadda a ganina ita ce hanya mafi sauƙi ga ma'aikaci, domin irin waɗannan ƙungiyoyi sukan sayi fili mai faɗi su yanka wa 'ya'yansu, a riƙa cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan. Sai dai ko ƙungiya ce ta saya, tambayar takarda tana nan, kuma a kanta ya kamata a daɗe.

Tun 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda ga gidan zama akan ba shi wa'adin shekara 99, kuma shaidarsa ita ce takardar da kowa ke kira C of O. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu, da shaidu huɗu da hatimin hakimi, tana da amfaninta, domin tana nuna an yi ciniki kuma mutanen wurin sun sani, amma banki ba ya karɓar jingina a kanta. A Kaduna hukumar da ke riƙe da rajistar filaye ita ce KADGIS, wadda aka kafa a 2015 a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, kuma ta buƙaci masu tsofaffin takardu su sabunta su zuwa sabon tsari na kwamfuta. Idan mai sayarwa ya fito maka da tsohuwar takarda wadda ba a sabunta ba, wannan ba ya nufin ta jabu ce, amma yana nufin akwai aiki da kashe kuɗi a gaba, kuma ya kamata a yi maganar wanda zai ɗauki nauyinsu kafin a yanke farashi.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka nemi lauya ya gudanar da bincike a KADGIS a kan lambar fayil ɗin. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan takardar, ko an taɓa jinginar da filin a wani banki, ko akwai bashin harajin ƙasa da ya taru, ko kuma gwamnati ta soke haƙƙin mallakar. Idan filin awon igiya ne, wato gona ce aka yayyanka ba tare da tsarin gwamnati ba, kamar yadda ake yawan samu a gefen gari ta ɓangaren Igabi da Chikun, to ka ɗauki safiyo ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin a kai hukumar a duba ko ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta keɓe wa hanya, makaranta, ko wani shiri nata. Haka kuma a kiyayi filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kusa da layin dogo, ko kan bututun mai, ko wanda ya jingina da harabar sojoji. Irin waɗannan su ne dillali ke kawowa da farashi mai daɗi, kuma araha ba ta ado. Mutanen Kaduna sun ga rushe-rushe da idonsu a shekarun baya, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Filin gado yana da nasa hukunci. Idan mai shi ya rasu, kada ka yarda da sa hannun babban ɗa shi kaɗai, komai girmansa a unguwa. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbatar filin ya faɗo a rabon wanda ke sayar maka, ko kuma dukkan magada, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari, sun sa hannu. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a ke aiki da shi a nan, abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato yana iya biyan kuɗin da ka biya ya karɓe kason da aka sayar maka. Banki ba zai taɓa filin da ake shari'a a kansa ba, ko da kai ne mai gaskiya.

Sai kuma ruwa. Filin da ka gani a watan Fabrairu, busasshe, shimfiɗaɗɗe, yana iya zama tafki a watan Agusta. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da Kogin Kaduna yake yi wa gidajen da ke ƙarshen titin Kigo da sauran unguwannin bakin kogi idan damina ta yi ƙarfi. Gani ya kori ji: ka je filin bayan an ɗauke ruwan sama mai yawa, ka dubi inda ruwan ke bi, ka tambayi maƙwabta zurfin da suka haƙa kafin su sami ƙasa mai ƙarfi. Fili mai dausayi yana cinye kuɗin harsashi da yawa, kuma mai ƙiyasin banki yana rage masa daraja.

Bayan an biya, akan rubuta takardar miƙa mallaka, a biya kuɗin hatimi, a yi mata rajista, a kuma nemi amincewar gwamna. Wannan amincewa ba ado ba ce. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana sayarwa ko jinginar da fili mai takardar gwamna ba tare da ita ba, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina gaba ɗaya a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin ta. Tun daga lokacin babu lauyan banki da ke wasa da wannan batu. Ka sani kuma za a sake neman amincewar a karo na biyu ranar da za ka jinginar da filin ga banki, kuma kuɗin daga aljihunka zai fita. Da takarda ta fito da sunanka, sai a kai zanen gini hukumar KASUPDA, mai kula da tsara birane a jihar, ta duba ta ba da izini. Zanen ya kasance na ƙwararren mai zane da injiniya masu rajista, domin shi ne banki zai riƙe yana auna aikinka da shi.

Yanzu aka zo maganar inda kuɗin gini zai fito. Ga mai albashi, ƙofa mafi sauƙin kuɗin ruwa ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, kuma Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata a zuba a asusun, kuma wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi ya cancanci neman rance. Ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne, ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ma yana iya yin rajista ya riƙa zubi da kansa, sai dai zai buƙaci bayanan asusun banki masu nuna shigar kuɗi a kai a kai. Rancen asusun na sayen gida kuɗin ruwansa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, ana iya biya har shekara 30, kuma a 2024 an ɗaga iyakarsa daga naira miliyan 15 zuwa miliyan 50. Ba kai tsaye ake karɓarsa ba, ta hannun bankin jingina mai lasisi ake nema, shi ya tantance ka ya miƙa fayil ɗinka sama. Bankin na tarayya yana da wani tsari dabam na masu gini a kan filinsu, wanda kuɗin ruwansa ya ɗan ɗara wannan kuma wa'adinsa ya fi gajarta, da kuma tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka ga gidajen da shi ya ɗauki nauyin gina su.

Abu na farko da ma'aikaci zai yi shi ne ya je ofishin bankin na tarayya ya nemi bayanin zubinsa. Cirewa daga albashi dabam, isar kuɗin asusun dabam, kuma ba sabon abu ba ne mutum ya tarar an yi shekaru ana cire masa amma babu komai a ƙarƙashin lambarsa. Gyara wannan yana ɗaukar watanni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: rancen asusun yana da jinkiri, domin masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka kada ka sallami gidan haya ko ka ɗauko magina saboda kawai an karɓi takardunka.

Iyakar miliyan 50 tana ruɗin mutane, alhali ba ita ke yanke abin da za a ba ka ba. Albashinka ne ke yankewa. Ƙa'idar da ake bi ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Rancen naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 20 yana cin kimanin naira 71,600 duk wata, wato sai mai samun wajen naira 215,000 ne zai iya ɗaukarsa, kuma jimillar abin da zai biya ta haura miliyan 17. Idan aka ja wa'adin zuwa shekara 30, biyan wata zai sauko zuwa kusan naira 60,000, amma jimilla ta haye miliyan 21 da rabi. Idan aka juya lissafin, mai albashin naira 150,000 yana iya biyan 50,000 a wata, wanda a shekara 20 bai wuce rancen kusan miliyan 7 ba. Shekaru ma suna da tasiri, domin dole a gama biya kafin ritaya, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Mai shekara 48 ba zai sami wa'adin shekara 30 ba, kuma gajeren wa'adi yana nufin ƙaramin rance.

Bankunan kasuwanci sun fi sauri, amma a 'yan shekarun nan kuɗin ruwansu ya haura kashi 20 cikin 100. Miliyan 10 ɗin nan a kan kashi 25 na shekara 10 tana cin kimanin naira 227,500 a wata, jimilla sama da miliyan 27, kuma sau da yawa yarjejeniyar tana ba bankin damar ƙara kuɗin ruwan idan Babban Banki ya ɗaga nasa ma'aunin. Ban ga hikimar ɗaukar irin wannan don gidan zama ba, gidan da ba ya kawo ko sisi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga mutane da yawa a Kaduna, matsalar ba yawan kuɗin ruwan ba ce, kasancewarsa ce, domin riba haramun ce ko kashi 6 ce ko 25. Waɗannan suna da ƙofa a bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa uku, Abuja da Kano da Kaduna, daga baya TAJ ya zo a 2019, Lotus a 2021. Tsarinsu ciniki ne ko haya ko tarayya, ba rance ba. A murabaha banki yana sayen siminti da rodi da kwano ya sayar maka da ribar da aka bayyana tun farko, ka biya a hankali. A istisna'i yana ɗaukar nauyin gina maka gida bisa zanen da aka amince a kan ƙayyadadden farashi. A ijara mai ƙarewa da mallaka, ko musharaka mai raguwa, kuna tarayya a gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayensa sannu a hankali har ya zama naka gaba ɗaya. Kada a ɗauka rashin kuɗin ruwa yana nufin araha. Ribar da suke ɗorawa tana bin yanayin kasuwa, wa'adinsu sau da yawa bai kai na asusun ƙasa ba, kuma su ma sai da C of O. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, ka tambaya ko ana sake duba kuɗin haya bayan wasu shekaru, sannan ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ainihin takardar yarjejeniyar ya karanta, ba sunan tsarin kawai ba.

Kowace hanya ka bi, akan nemi ka kawo naka kason, wanda yakan fara daga kashi 10 cikin 100 na darajar aikin ya yi sama. A nan akwai damar da ba kowa ya sani ba. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba masu asusun fansho izinin amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsu ba a matsayin wannan kaso, da sharaɗin sun yi zubi na wata 60 kuma saura musu aƙalla shekara uku su yi ritaya. Kuɗin ba hannunka yake zuwa ba, bankin jingina ake tura wa. Amfaninsa a fili yake, haka ma illarsa, domin abin da aka ciro yau ragi ne a fanshon gobe. Ban da kason, ka tanadi kuɗin mai ƙiyasin daraja, da na lauya, da na hatimi da rajistar jingina, da inshorar gobara da ta rai, wadda ke biyan sauran bashin idan mai shi ya rasu don kada a fitar da marayu. Wanda ke gudun inshorar gargajiyar Turawa yana iya neman a karɓi takaful, wato inshorar Musulunci.

Kuɗin gini ba a dunƙule ake ba da shi ba. Ana sakinsa mataki-mataki: na harsashi, na bulo zuwa linta, na rufi, sannan na shafe da ƙarasawa, kuma kafin kowane saki wakilin banki zai zo ya ga na baya ya shiga aikin. Shi ya sa ake neman takardar ƙiyasin kaya da aiki daga ƙwararre tun farko. Wannan takarda ita ce wurin da mutane suka fi yaudarar kansu. Sukan rage adadi don ya dace da rancen da za a ba su, ko su yi zanen ɗaki biyar da falo biyu a kan kuɗin ɗaki uku, da fatan Allah zai kawo sauran. Sakamakon shi ne kangwayen da ake gani a Millennium City da hanyar Mando zuwa waje, gini ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a falo, mai shi kuwa yana biyan banki yana biyan haya a lokaci guda. Gara ɗaki biyu da aka rufe aka shiga, a bar wa sauran fulotin wuri, tunda fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana ɗaukar ƙari daga baya. Idan kana da niyyar ƙarin, ka sa a zana shi tun yanzu a cikin zanen da za a kai wa hukuma, don kada ka sake neman izini.

Farashin kaya kuma ba ya jiran banki. A farkon 2024 buhun siminti ya kusa ninka kuɗinsa cikin 'yan makonni, kuma duk wanda ƙiyasinsa ba shi da rara aikinsa ya tsaya. Ka ware aƙalla kashi 15 cikin 100 a gefe, daga kuɗinka ba daga rancen ba, kuma da an saki kason wani mataki ka sayi rodi da kwano da katako nan take, tunda ba sa lalacewa da wuri idan an adana su da kyau. Siminti kuwa ba a tara shi da yawa, musamman da damina, domin danshi yana sandarar da shi. Ka biya birkila da kafinta bisa aikin da aka gama aka auna, ba bisa kwanaki ba, ka riƙe rasiɗin komai, domin wakilin banki zai tambaya. Damina a Kaduna tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, don haka ya fi dacewa a fara harsashi da ɗaukewar ruwa a yi ƙoƙarin rufi kafin ya dawo, tare da tuna cewa iskar hunturu tana busar da kankare da sauri, sai an dage da ba shi ruwa aƙalla mako guda. Kada kuma a sauya zane a tsakiyar aiki ba tare da sanin banki da hukuma ba, domin ƙarin bene ko shago a gaban gida yana iya tsayar da sakin kuɗi.

Kafin ka sa hannu a takardar jingina, ka sa lauyanka, ba na banki ba, ya karanta maka wurare uku da Hausa: ko kuɗin ruwa ko na haya tsayayye ne ko mai canzawa, ko akwai tara idan ka biya kafin wa'adi, da kuma abin da zai faru idan ka gaza biya. Takardar tana ba banki ikon sayar da gidan bayan sanarwa, ya ɗauki haƙƙinsa ya mayar maka da ragowar idan akwai. Idan albashi ya tsaya ko kasuwa ta karye, ka rubuta wa bankin tun a watan farko ka nemi a sake tsara biyan, domin ya fi sauƙin saurarar wanda ya zo da kansa a kan wanda aka nema aka rasa. Ka ci gaba da biyan harajin ƙasa duk shekara ko da takardarka tana hannunsu, tunda sunanka ne a kanta. Ranar da ka biya kaso na ƙarshe, ka nemi takardar sakin jingina a rubuce, ka karɓo ainihin C of O ɗinka, sannan ka kai takardar sakin KADGIS a yi mata rajista, domin idan ba a yi haka ba, duk wanda ya bincika fayil ɗin bayan shekara goma zai tarar gidan yana nan a matsayin jinginanne.